INA MUTUM ZAI ZAUNA IDAN YA AJIYE AIKI?

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda ba a cika kawo ta a majalisun karatu ba, alhali kuwa babu shekarar da za ta wuce ba ta ƙwanƙwasa ƙofar gidaje masu yawa ba. Mas'alar ita ce ta ma'aikacin da wa'adin aikinsa ya cika, ya miƙa mabuɗin ofis, wani lokaci ma har da mabuɗin gidan da aka ba shi, sa'an nan ya zauna yana tambayar kansa: to, yanzu kuma sai ina?

A ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya, ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman firamare da na sakandare kuwa, dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ɗaga musu zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, a inda aka fara aiki da ita. Wanda ya yi wannan tsawon zamani yana hidima, da wuya a ce aiki bai raba shi da garinsu ba. Daɗin daɗawa, ƙirƙiro jihohi ya mai da mutane da yawa baƙi a inda suke ganin gida ne. An yi jihohi 12 a 1967, suka koma 19 a 1976. An cire Katsina daga Kaduna a 1987. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano, Kabi daga Sakkwato, Yobe daga Barno, aka kuma raba Gongola ta zama Adamawa da Taraba, a cikin Disambar wannan shekara kuma fadar Gwamnatin Tarayya ta tashi daga Ikko ta koma Abuja. A 1996 aka sami Zamfara da Gombe da Nasarawa. Saboda haka sai ka tarar da mutum an haife shi a wata jiha, ya yi aiki a wata, ya yi aure a wata, 'ya'yansa kuma ba su san ko'ina ba sai garin da suka buɗe ido a ciki. Irin wannan mutum hanya uku ce a gabansa: ko ya tsaya inda ya yi aiki, ko ya koma mahaifarsa, ko kuwa ya nemi wani gari dabam. Kuskure a wannan zaɓi yakan cinye abin da aka tara a shekara talatin, yakan kuma bar iyali cikin wahala bayan ran mai gida.

MA'ANAR MAZAUNI

Kafin mu shiga hukunci, ya kamata mu duba kalmomi, domin sau da yawa harshe yakan nuna manufa. Larabawa suna kiran gida maskan, suna kiran natsuwar zuciya sakina, alamar nan kuma da muke ce wa ɗauri, wadda ake ɗora wa harafin da ba shi da wasali, suna ce mata sukun. Dukansu daga tushe ɗaya suka fito, watau sin da kaf da nun, ma'anarsa kuwa ita ce tsayawar abu bayan motsi. Da kalma daga wannan tushe ne Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci ni'imar gidaje a aya ta 80 ta Suratun Nahli. Ke nan gida wurin da rai zai kwanta ne, kuma duk ginin da mai shi ke kwana a cikinsa da fargaba ko da nauyin bashi, to bai cika sunansa ba kome kyansa.

Ritaya kuwa a Larabcin zamani ana ce mata taƙa'ud, daga kalmar da ke nufin zama. Amma fa zaman daga aikin ofis ne kaɗai, gama a ƙarshen Suratul Inshirahi an umurci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cewa idan ya gama wani aiki ya kama wani, ya kuma fuskanci Ubangijinsa da kwaɗayinsa. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa wanda Allah Ya jinkirta ajalinsa har ya kai shekara sittin, to an yanke masa hanzari. Mai karatu ya lura da yadda wannan adadi ya yi daidai da shekarun ajiye aiki. Aya ta 54 ta Suratur Rumi kuma ta bayyana cewa mutum yana farawa da rauni, ya sami ƙarfi, sa'an nan ya koma ga rauni da furfura. Saboda haka mai zaɓen mazauni yana da shekara sittin, lalle ne ya zaɓa wa mutumin da zai zama in Allah Ya kai shi saba'in da biyar, wanda gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara duhu, tuƙin mota kuma ya gagara.

SHIN KOMAWA GIDA WAJIBI NE?

Asalin ƙaura daga gari zuwa gari halal ne, sa'an nan hukuncinta yana juyawa gwargwadon dalilinta. Babban malamin nan na Malikiyya, Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, ya kasa tafiya kashi biyu a littafinsa Ahkamul Ƙur'an, watau tafiyar gudu da tafiyar nema. Ta gudu ya kasa ta shida: fita daga ƙasar da ke yaƙi da Musulmi, da fita daga inda bidi'a ta kafu, da fita daga inda haram ta rinjayi abin da ake ci, da gudun cutarwa a jiki, da gudun ƙasa mai yawan cuta, da gudun cutarwa a dukiya. A cikin tafiyar nema kuma ya lissafa neman ilmi, da neman abinci, da fatauci, da ziyarar 'yan'uwa. Duk wanda ya duba wannan kashe-kashe zai ga cewa shari'a ta kula da addinin mutum da ransa da lafiyarsa da dukiyarsa wajen zaɓen wurin zama, ba ta kuma ɗaure shi da wata ƙasa don kawai a can aka binne cibiyarsa ba.

Mutanenmu sukan ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, kuma kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Akwai gaskiya a ciki, domin son mahaifa ɗabi'a ce da Allah Ya halicci mutum da ita. Tirmizi ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana ƙaunarsa ga Makka, ya kuma nuna cewa da mutanenta ba su fitar da shi ba da bai bar ta ba. A cikin Buhari an ba da labarin yadda zazzaɓin Madina ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal bayan Hijira, har Bilal ya riƙa begen kwarurukan Makka, sai Annabi ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar son Makka ko fiye, Ya kuma kawar da zazzaɓinta. Amma maganar nan da ta yaɗu a bakin jama'a, cewa wai son ƙasa yana daga cikin imani, malaman hadisi sun bayyana cewa ba ta tabbata daga Annabi ba, don haka bai halatta a kafa hujja da ita a tilasta wa wani komawa gida ba.

Tarihin magabata ma ya isa shaida. Bilal a Sham ya rasu, haka Abu Darda'i. Anas ɗan Malik a Basra, Amru ɗan Asi a Masar, Abdullahi ɗan Abbas a Ɗa'ifa, Salmanul Farisi a Mada'in, Abu Ayyubal Ansari kuwa kabarinsa yana birnin da ake kira Istambul yanzu. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Darda'i ya rubuta wa Salman yana gayyatarsa ya taho ƙasa mai tsarki, sai Salman ya amsa masa da abin da ke nufin cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne ke tsarkake shi. Shi kansa Imamu Malik a Madina ya yi zamansa har ya rasu a 179, almajirinsa Imamu Shafi'i kuwa an haife shi a Gaza a 150, ya tashi a Makka, ya zauna a Iraƙi, ya ƙare a Masar a 204. Babu wanda ya zargi ɗayansu, wanda ya zauna da wanda ya tashi. A ƙasarmu ma, Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, bai kuma koma Degel da zama ba. Bayan da aka sami nasara ya bar wa ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sha'anin gudanar da ƙasa, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa a Sifawa, sa'an nan ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Wannan kuwa kyakkyawan misali ne ga wanda ya sauke nauyin jama'a, watau ya zauna kusa da 'ya'yansa da almajiransa, ya ci gaba da amfanar da mutane.

MA'AUNAN DA ZA A AUNA GARI DA SU

Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda ya wayi gari da aminci a cikin iyalinsa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, to kamar an tattara masa duniya ne baki ɗaya. Daga nan za mu ɗauki ma'auni uku na farko, sa'an nan mu ƙara da wasu uku.

Na farko, aminci. Sa'ad da Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi wa Makka addu'a, kamar yadda ya zo a aya ta 126 ta Suratul Baƙara, aminci ya fara roƙo kafin arziki. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya tashi garuruwa masu yawa a Barno da Yobe da Adamawa, daga baya kuma 'yan fashin daji suka addabi ƙauyuka da hanyoyi a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja. Tsohon ma'aikaci da ya koma ƙauye ya yi gini mai bene, kowa ya san an ba shi kuɗin sallama, to ya sani ya sa kansa a idon mugaye. Dogara ga Allah ba ta hana bin sababi ba. A shekara ta 18 bayan Hijira Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can sai ya shawarci sahabbai ya juya da jama'a, ya kuma bayyana cewa daga ƙaddarar Allah ya gudu zuwa ƙaddarar Allah. Idan garinku ba shi da zaman lafiya a yanzu, babu laifi ka zauna a babban gari mafi kusa da shi, inda za ka iya tallafa wa dangi har Allah Ya kawo sauƙi. Har wa yau aminci ya haɗa da na ruwa. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da wadda ta auka wa Maiduguri a Satumbar 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, da ta Mokwa a Mayun 2025, duk sun isa wa'azi ga mai sayen fili a kwari da rani.

Na biyu, lafiya. Hawan jini da ciwon sukari da yanar ido da ciwon gaɓoɓi abokan tafiyar tsufa ne, kuma suna bukatar ganin likita a kai a kai da magani wanda ba ya yankewa. Manyan asibitocin koyarwa suna manyan garuruwa ne, kamar Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Sai mutum ya tambayi kansa, idan ciwo ya tashi da tsakar dare a cikin watan Agusta, awa nawa za a yi kafin a kai shi ga likita, wa kuma zai kai shi? Yanayin gari ma abin dubawa ne. Wanda ya yi shekara talatin a sanyin Jos ko iskar Zariya, zafin bazara na Sakkwato ko Nguru, wanda yakan haura digiri 40, ba ƙaramin jarrabawa ba ne a gare shi, haka kuma mai ciwon ƙirji da ciwon sanyi zai sha wuya a hunturun tudun Filato.

Na uku, abinci. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi cewa ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma yana zuba kashi 10, a cikin asusun da ke ɗauke da sunansa. Jihohi kuwa kowace da irin tsarin da take bi. A 2021 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta buɗe wani asusu wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya kamata Musulmi ya tambayi masu kula da fanshonsa game da shi. Abin lura a nan shi ne, fansho bai kai albashi ba, tsadar kaya kuma ba ta jiran kowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, a 2024 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Saboda haka sai a zauna da alƙalami da takarda a lissafa haya, da cefane, da magani, da kuɗin makarantar yaran da suka rage, da kuɗin motar zuwa gaisuwa da ta'aziyya, a gwada garin nan da garin can. Zaman haya a Abuja da kuɗin fansho abu ne mai wuyar ɗorewa ga mafi yawan ma'aikata. Ƙauye kuwa yana da sauƙin hatsi da muhalli, amma wanda ya rabu da fartanya tun yana yaro kada ya ɗauka noma hutu ne, gama noman ɗan shekara sittin noman kuɗi ne, ga ƙwadago ga taki ga iri. Kada kuma a zuba dukan kuɗin sallama a tubali da siminti har a rasa na magani. Annabi ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa barin magada cikin wadata ya fi a bar su suna roƙon mutane.

Na huɗu, addini. Wannan shi ne kan gaba a daraja, ko da yake mun jinkirta shi saboda bin jerin hadisin. A cikin Buhari da Muslim akwai ƙissar mutumin da ya kashe rai ɗari sa'an nan ya nemi tuba, malamin da ya tambaya ya umurce shi ya bar garinsu ya koma garin mutanen kirki, domin wurin zama yana da tasiri a kan zuciya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To sai a duba, akwai masallacin da tsoho zai iya takawa sau biyar? Gaskiya ne sa'ad da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallaci, Annabi ya ce su zauna a unguwarsu domin ana rubuta musu ladan takunsu, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wannan ga mai ƙarfin tafiya ke nan. Amma mun ga Itban ɗan Malik, da idonsa ya yi rauni, kwarin da ke tsakaninsa da masallacin mutanensa kuma yakan cika da ruwa, dole ta sa ya roƙi Annabi ya zo ya yi masa salla a gidansa domin ya riƙi wurin masallaci. Mai hankali zai yi wa irin wannan rana tanadi tun yanzu. Game da Juma'a, Ibnu Abi Zaidin ya ambata a Risala cewa tana wajaba a kan mutanen gari da waɗanda ke mil uku daga gare shi ko ƙasa da haka. Sai kuma a duba ko akwai malamin da za a ɗauki karatu a wurinsa, domin da yawa daga cikin ma'aikata sun yi ta cewa sai an yi ritaya za a koma ga littafi, to ga lokacin ya zo.

Na biyar, maƙwabci. Larabawa suna da karin magana cewa a nemi maƙwabci kafin gida, abokin tafiya kuma kafin hanya. Danganta ta ga Annabi bai inganta ba, amma ma'anarta daidai take, gama Ibnu Hibban ya ruwaito cewa maƙwabcin kirki da gida mai yalwa suna cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa. Tsoho ya fi kowa bukatar maƙwabci, tun da yini yake a gida, kuma wanda zai fara jin kiransa in ya faɗi shi ne na bayan katanga. Idan mutum ya zaɓi zama a garin da Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suke cuɗanya, babu laifi muddin yana bayyana addininsa cikin aminci, gama sahabbai sun zauna a Habasha a ƙarƙashin Najjashi saboda adalcinsa, aya ta 36 ta Suratun Nisa'i kuma ta yi umurni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa.

Na shida, iyali da zumunta. Idan akwai mahaifi ko mahaifiya da rai, suna kuma bukatar hidima, to wannan ya rinjayi sauran dalilai, sai dai ko a ɗauko su in sun yarda. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ya yi shekara talatin ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza, kada ya yi tsammanin za a shimfiɗa masa tabarma rana ɗaya. A kuma sani, wanda ke zuwa hutun Salla da tsaraba ya kwana uku baƙo ne abin marhaba, wanda ya dawo da kayansa yana tambayar ɗakin ubansa da gonar gado kuwa, wani lissafi dabam ake yi masa. Sa'an nan ga uwargida. Mace ta bi mijinta gari-gari shekara da shekaru, ta yi ƙawaye, ta kafa sana'a, ta shiga Islamiyya, bai dace a ce mata ɗaure kaya kawai ba tare da an ji ta bakinta ba. Annabi da kansa ya karɓi shawarar Ummu Salama a ranar Hudaibiyya, aka kuwa ga albarkarta. Sau da yawa kuma mace ce ke saura bayan mijinta, sai ya tuna a hannun wa zai bar ta.

FILI DA TAKARDU DA GADO

Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so a cikin ƙasar, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Amma dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma tana bayarwa a karkara. Don haka baƙo kada ya dogara da bakin dillali. Ya bincika a ofishin filaye, ya tambayi mai unguwa da maƙwabtan filin, a rubuta ciniki da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta koyar da rubutu da kafa shaidu. Ya kuma tuna cewa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga makaranta da ɗaukar aiki, ba kasafai ake ba wanda ya zo daga wata jiha ba, sai ya nema wa 'ya'yansa tasu a garinsu tun yana da ƙarfi.

Mai komawa gida kuma ya san hukuncin hauzi. A mazhabar Malikiyya, idan bare ya riƙe gida ko gona shekara goma yana amfani da ita kamar tasa, mai ita kuwa yana nan yana gani bai yi magana ba, babu kuma abin da ya hana shi, to ba za a saurari ƙararsa ba bayan haka. Tsakanin dangi lokacin ya fi haka tsawo ƙwarai. Saboda haka duk wanda ya ba da aron gona ko jingina, ya rubuta, ya kuma riƙa leƙawa. Kada kuma mutum ya gina gidansa a filin gadon da ba a raba ba, domin rigimar da za ta biyo baya 'ya'yansa ne za su gaje ta. Wata mas'ala mai muhimmanci ita ce ta kyauta. Mutum yakan ce gidan Kaduna na bar wa uwar 'ya'yana, alhali yana ciki yana juya shi har ya mutu. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, in ba haka ba ta koma cikin gado, rabon mata kuwa tumuni ne idan akwai 'ya'ya, su raba a tsakaninsu kome yawansu. Wanda yake nufin alheri sai ya je wurin malami masanin fiƙihu ya gyara al'amarin, ya kuma yi adalci tsakanin 'ya'yansa, kamar yadda hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi umurni.

YADDA ZA A YANKE SHAWARA

Ya kamata a fara wannan tunani tun saura shekara biyar a ajiye aiki. A shawarci waɗanda suka riga suka yi ritaya, na birni da na ƙauye, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A yi sallar istihara, watau raka'a biyu na nafila da addu'ar da Jabir ya ruwaito, ba sharaɗi ba ne kuma sai an yi mafarki. Sa'an nan a gwada kafin a yanke, domin gani ya kori ji: a kama haya ko a sauka a gidan dangi a ga damina a ga bazara, kada a sayar da gidan da ake ciki sai an tabbata. Wanda ya koma gida ya ajiye girman ofis a ƙofar gari, ya girmama liman da dagaci, ya ba da abin da ya sani na ilmi da sanin hanyoyin hukuma ba tare da gori ba. Su kuma mutanen gari su yi koyi da Ansar, waɗanda Allah Ya yaba musu a Suratul Hashri saboda son wanda ya yi hijira zuwa gare su, su daina kiran wanda ya yi shekara arba'in a cikinsu baƙo.

Daga ƙarshe, ayar da ta rufe Suratu Luƙman ta sanar da mu cewa babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Namu dai shi ne mu yi bincike, mu kyautata niyya, mu zaɓi inda addininmu da iyalinmu za su fi tsira, sauran kuwa yana hannun Mai shi. Allah Ya sa ƙarshen rayuwarmu ya fi farkonta kyau, Ya haɗa mu da maƙwabtan kirki duniya da lahira, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.